Buhu ya hau daga 20,000 zuwa 25,000 sannan ya dawo: kashi nawa ya hau, kashi nawa ya sauka?

Mai Tsaron Shago, Garwa

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyaye da malamai da 'yan kasuwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa.

Ni nake tsaron shagon kawuna na kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, littafin shago ya dawo hannuna. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya tarawa da ɗebewa da rabawa, kuma akwai na'urar lissafi a wayata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafin kashi cikin ɗari, kuma abubuwa biyu ne suka faru da ni a 'yan watannin nan waɗanda suka sa na ga gara in tambaya da in ci gaba da rubuta abin da ban tabbatar ba.

Na farko, akwai wata shinkafa da muke sarowa buhu a kan sefa 20,000, sai ta yi ƙaranci ta hau zuwa 25,000. Bayan kamar wata biyu, da kaya suka iso daga Duwala, ta dawo 20,000 ɗinta. Na rubuta a littafi cewa ta hau da kashi 25 cikin ɗari, ta kuma sauka da kashi 25 cikin ɗari, tunda 5,000 aka ƙara kuma 5,000 aka cire. Maƙwabcina na shago ya duba ya ce hawan daidai ne, amma saukar kashi 20 ce. Muka yi ta musu har aka kira sallar la'asar, shi bai iya gamsar da ni ba, ni ma ban iya gamsar da shi ba.

Na biyu shi ne ya fi damuna, domin akwai asara a ciki. Jarkar man girki ta tsaya mana a kan 30,000, kawu ya ce a ɗora kashi 10, muka sa mata 33,000. Sai wani tsohon abokin cinikinsa ya zo daga Gidar zai ɗauki jarka 20, kawu ya ce mini ta waya in cire masa kashi 10 ɗin nan, a bar masa a kan uwar kuɗi saboda zumuncin da ke tsakaninsu. Na latsa waya na cire kashi 10 daga 33,000, ta ba ni 29,700, mutumin ya biya 594,000 ya tafi. Da dare ina haɗa lissafi na ga kayan 600,000 suka tsaya mana, wato akwai giɓin 6,000. Ba na zargin kowa, amma dukiyar amana ce a hannuna, kuma ina so in san inda kuɗin nan ya shiga. Yaya za a ƙara goma a cire goma, a rasa komawa inda aka taso?

Malamin Lissafi, Marwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba kawunka lafiya, kai kuma ya yi maka albarka da ka tsaya bin sawun 6,000 a cikin cinikin da ya kusa 600,000.

Maƙwabcinka ne yake da gaskiya, kuma tambayoyinka biyu ɗin nan uwarsu ɗaya. Kashi cikin ɗari ba adadi ba ne mai tsayuwa da ƙafarsa kamar sefa 5,000, wadda duk inda aka kai ta 5,000 ce. Shi koyaushe kashi ne na wani kuɗi, saboda haka duk wanda ya ce maka kashi kaza, abin da za ka fara tambaya shi ne: na nawa? A lissafin hawa da saukar farashi, kuɗin da ake rabawa gida ɗari shi ne farashin da aka taso daga kansa, ba wanda aka isa ba. Sai ka fitar da bambancin da ke tsakanin tsohon farashi da sabo, ka raba shi da tsohon farashi, ka ninka abin da ya fito sau 100. Ka lura da kyau cewa tsohon farashi ba yana nufin ƙarami ba, yana nufin wanda ya riga, ko shi ne babba ko shi ne ƙarami.

A lokacin hawa an taso ne daga 20,000. Idan ka raba 5,000 da 20,000 za ka sami 0.25, wato kashi 25 cikin ɗari, ko rubu'i. A lokacin sauka kuwa an taso ne daga 25,000, kuma 5,000 a cikin 25,000 ɗaya bisa biyar ce, wato 0.20, kashi 20 cikin ɗari. Kuɗin bai canza ba, abin da ake auna shi da shi ne ya canza. Da a ce shinkafar ta sauka da kashi 25 kamar yadda ka rubuta, da 6,250 za a cire, buhu ya koma 18,750, kuma ka san ba a sayar muku da shi haka ba. Ina sa ɗigo a inda littattafan makarantunmu na Faransanci suke sa waƙafi, domin haka yawancin wayoyi suke nunawa.

Batun man girki ma haka yake. Goman da aka ɗora goma ce ta 30,000, wato 3,000, amma goman da ka cire goma ce ta 33,000, wato 3,300. Ɗari uku a kan kowace jarka, sau 20, ga 6,000 ɗinka nan. Abin da kawunka yake nufi shi ne a cire 3,000 ɗin da aka ɗora, kuma 3,000 a cikin 33,000 ɗaya bisa goma sha ɗaya ce, wato kashi 9.09 cikin ɗari. Akwai wani tsari mai daɗin riƙewa a nan: abin da ya hau da ɗaya bisa goma, da ɗaya bisa goma sha ɗaya zai dawo, wanda ya hau da rubu'i, da ɗaya bisa biyar zai dawo, wanda ya hau da sulusi, da rubu'i zai dawo, wanda ya hau da rabi, da sulusi zai dawo, wanda kuwa ya ninka, rabi kawai za a cire masa.

Hanyar da nake koya wa ɗalibaina, wadda ta fi raba mutum da kuskure, ita ce a daina tarawa da ɗebewar kashi, a koma ninkawa. Ƙarin kashi 10 yana nufin a ninka farashi da 1.10, ragin kashi 10 kuma yana nufin a ninka shi da 0.90. Idan an yi ɗaya bayan ɗaya, sai a ninka lambobin biyu da juna, kuma 1.10 sau 0.90 yana ba da 0.99. Ma'ana kashi ɗaya cikin ɗari na uwar kuɗi ya tafi, kuma kashi ɗaya na 600,000 shi ne 6,000. Ko da ragin aka fara sannan aka yi ƙarin, amsar ba za ta canza ba.

Bari in kawo misalin da duk wanda ke ƙasar nan ya ji a jikinsa. A watan Fabrairu na 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga farashin litar fetur a gidajen mai daga sefa 630 zuwa 730, man gas kuma daga 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 aka sake ɗagawa, fetur ya koma 840, gas ya koma 828. Ƙarin farko na fetur shi ne 100 a kan 630, wato kimanin kashi 15.9, na biyu kuma 110 a kan 730, kimanin kashi 15.1. Mai tarawa zai ce jimilla kashi 31 ke nan, amma idan ka auna daga 630 kai tsaye zuwa 840, bambancin 210 ne, kuma 210 sulusin 630 ne cif, wato kashi 33.3. A wajen gas ratar ta fi fitowa fili. Ƙarin farko kashi 25.2 ne, na biyu kashi 15 daidai, tarawa ta ba da 40.2, alhali daga 575 zuwa 828 bambancin 253 ne, wanda yake kashi 44 cikin ɗari. Dalili shi ne ƙari na biyu ya hau ne a kan kuɗin da ƙari na farko ya riga ya kumbura. Kuma da za a ce a mayar da fetur daga 840 zuwa 630, ragin kashi 25 za a yi, ba 33 ba.

Na san mafi yawan masu babura a nan arewa man bakin hanya suke sha, wanda ake kira zuwa-zuwa, kuma shi ma ya hau tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Ka tuno nawa kake sayen lita kafin lokacin da nawa kake saye yanzu, ka gwada lissafin da kanka, domin ƙa'idar da mutum ya gwada a kan kuɗin aljihunsa ba ta saurin fita daga kansa.

Hajiya Mai Albasa, Ngawundare

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban zauna a aji ba sai na allo, 'yata ce take rubuta mini wannan, amma na haura shekara ashirin ina saro albasa daga ƙasar Marwa ina kawowa nan, wata kuma a ɗora ta zuwa Yawunde, kuma akwai abin da nake so in ƙara wa yaron nan.

Ɗana, ka ce jarka ta tsaya muku a kan 30,000. Ina fatan da ka faɗi haka ka haɗa da kuɗin mota da na dako, domin a nan ne 'yan kasuwa da yawa suke yaudarar kansu. Tambayar da Malam ya ce a riƙa yi, wato na nawa, ita ce dai ake yi a wajen riba. A ce na sayi buhun albasa 16,000 a gona, na sayar da shi 24,000 a nan. Wanda yake kallo daga nesa zai ce Hajiya ta ci 8,000 a kan 16,000, ribar rabin kuɗi, kashi 50 cikin ɗari. Amma mota ta ci 3,000, masu dako da dillali da kuɗin buhu sun ci 1,000, saboda haka buhun bai tsaya mini a 16,000 ba, a 20,000 ya tsaya. Ribata 4,000 ce a kan 20,000, wato kashi 20.

Ba a nan maganar ta ƙare ba, domin albasa kaya ce mai ruɓa, musamman idan ta kwana biyu a hanya cikin zafi. A cikin buhu goma, idan aka zazzage aka tsince, sau da yawa tara ne suke fita masu kyau. Buhu goma sun tsaya mini 200,000, tara na sayar a kan 24,000, na karɓi 216,000. Ribar gaskiya 16,000 ce a kan 200,000, kashi 8 kacal. Ka ga yadda hamsin ta koma ashirin, ashirin ta koma takwas, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, sai dai kowane lissafi da kuɗin da aka auna shi a kai. Kuma ka lura cewa asarar buhu ɗaya cikin goma ba da kashi 10 take ɗaga kuɗin sauran ba, domin 200,000 a raba wa tara, kowane ya tsaya 22,222, ƙarin ɗaya bisa tara ke nan, wajen kashi 11.

Akwai kuma masu auna riba a kan kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. A wajensu 4,000 a cikin 24,000 ɗaya bisa shida ce, kusan kashi 17. Ba laifi ba ne, amma idan za ka yi tarayya da wani, shi da kuɗi kai da ƙarfi, ku fayyace tun farko a gaban shaidu ko kashin da kuke magana na uwar kuɗi ne ko na ciniki. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan wannan, kowannensu kuma yana rantsuwa cewa shi aka zalunta.

Wani hawan farashin kuma ba a baki yake ba, a kwano yake. Idan mai hatsi ya bar kuɗin kwano yadda yake amma ya canza kwanon da wanda ya gaza na da da ɗaya bisa biyar, to ya ƙara maka kuɗi da rubu'i ke nan, domin sai ka sayi kwano biyar kafin ka sami abin da huɗu suke ba ka a da. Haka ake yi da burodi da sabulu a wasu lokuta, a rage jiki a bar kuɗi. Wannan ni ban yarda da shi ba, gara a faɗa wa mutum gaskiya cewa kaya sun hau, ya saya da saninsa.

Game da yin lissafi da ka, ga yadda nake yi ba tare da waya ba. Ina fara neman ɗaya bisa goma, wato kashi 10, wanda a 24,000 shi ne 2,400. Rabinsa kashi 5 ne, 1,200. Idan kashi 15 nake nema sai in haɗa su, 3,600. Idan 20 ne in ninka na farko, idan 25 ne in raba kuɗin gida huɗu. Da wannan kaɗai za ka iya tsayawa gaban kowane dillali kafin ya gama ciro wayarsa daga aljihu.

Tsohon Akawu, Injamena

Assalamu alaikum. Na yi aikin akawu shekaru masu yawa a wani kamfanin shigo da kaya kafin in yi ritaya, kuma kuskuren da yaron nan ya yi na gan shi a hannun masu manyan takardu, saboda haka kada ya ji nauyi.

Babban darasin wannan lissafi mu dattawa mun karance shi ne a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa bayan taron da aka yi a Dakar. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, washegari ya koma sefa 100. Rediyo ya ce an rage darajar sefa da kashi 50 cikin ɗari, kuma gaskiya ne, domin sefa 100 da take sayen faran biyu ta koma tana sayen ɗaya. Mutane da yawa suka ɗauka kayan waje ma da kashi 50 za su hau. Amma kayan da kuɗinsu faran 1,000 ne a Faransa, waɗanda muke biya sefa 50,000, sun koma 100,000, wato ƙarin kashi 100. Abu ɗaya ne ya faru, wanda ya tsaya ta ɓangaren sefa ya ga faɗuwar rabi, wanda ya tsaya ta ɓangaren kaya ya ga ninki. Ɗan kasuwar da ya sayar da tsohon kayansa da ƙarin rabi yana murna, da ya je sarowa sai ya tarar kuɗin hannunsa kashi uku cikin huɗu na kayan kawai za su dawo masa da shi. Tun 1999 sefarmu a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma masu ciniki da naira ta Kusuri ko ta Mubi suna fuskantar irin wannan lissafi kullum, kuma ina ba su shawara su riƙa tantancewa ko faɗuwar naira suke aunawa ko hawan sefa, domin adadin ba ɗaya ba ne.

Wuri na biyu da ake yawan zamewa shi ne harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya idan an sayar. A Kamaru kashi 19.25 ne, kuma shi kansa kashi ne a kan kashi: asalinsa 17.5, sai aka ɗora masa ɗaya bisa gomansa, wato 1.75, domin ƙananan hukumomi. A nan Cadi, lokacin da nake aiki, kashi 18 ne. Ɗora shi ba wuya, kayan 100,000 a Garwa za su koma 119,250. Wahalar tana wajen cire shi. Idan aka ba ka rasit na 119,250 da haraji a ciki, kana son sanin kuɗin kayan zalla, kada ka cire kashi 19.25 daga jimillar, domin hakan zai cire 22,956 ya bar ka da 96,294, alhali amsar 100,000 ce. Abin da za ka yi shi ne ka raba jimillar da 1.1925. Idan kuma harajin kashi 18 ne, a raba da 1.18, wato 118,000 ta koma 100,000. Dalilin shi ne wanda Malam ya faɗa, harajin an auna shi ne a kan kuɗin da babu haraji, saboda haka hanyar komawa baya rabawa ce, ba ɗebewa ba.

Mu ma a Cadi an ɗaga mana mai a Fabrairun 2024, fetur daga 518 zuwa 730, gas daga 700 zuwa 828. Na fetur 212 ne a kan 518, kusan kashi 41, na gas kuma 128 a kan 700, kashi 18 da 'yan kai. Na kawo wannan ne don a ga cewa ƙarin 110 da aka yi a Kamaru da ƙarin 212 da aka yi a nan ba a kwatanta nauyinsu sai an san inda kowanne ya taso. Kuma lissafin bai damu da sunan kuɗi ba. Larabawan kasuwarmu suna ƙirga da riyal, mu muna ƙirga da dala, duka biyun sefa biyar-biyar ne, kuma ko ka ce shinkafa ta tashi daga jaka 20 zuwa jaka 25, ko daga dala 4,000 zuwa dala 5,000, rubu'i dai rubu'i ne, muddin ba ka gauraya ƙirga biyu a lissafi ɗaya ba.

Abu na ƙarshe shi ne maganar hauhawar farashi da ake ji a labarai. Idan aka ce ta sauko, ba ana nufin kaya sun yi sauƙi ba ne, ana nufin gudun hawansu ne ya ragu. A ce, don misali, bara kashi 7 ce bana kuma 4, to abin da yake 100 ya koma 107, sannan ya koma 111.28. Ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, sun amince a tsakaninsu cewa kada ta wuce kashi 3 a shekara, amma ko kashi 3 ɗin nan idan ya jera shekara goma, ba 30 yake bayarwa ba, ya haura 34, saboda kowace shekara tana hawa ne a kan ta bayanta.

Mai Tsaron Shago, Garwa

Malam, Hajiya, Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na je na sami maƙwabcina na faɗa masa shi ne da gaskiya, na kuma gyara littafi. Kawu ma na yi masa bayanin 6,000 ɗin, ya ce ya yafe, amma daga yau in riƙa faɗa masa ragi da adadin kuɗi kafin in sallami mai saye. Hajiya, kuɗin mota yana cikin 30,000 ɗin, amma na dako ba ya ciki, saboda haka asarar ta ɗan fi yadda na zata.

Idan ban takura ba, akwai sauran abu uku. Wanda muke saro sabulu a wurinsa ya ba ni zaɓi, ko ya yi mini ragin kashi 10, ko ya ba ni katan ɗaya gyara a kan kowane katan goma, ya ce duk ɗaya ne. A da da na yarda, amma yanzu ina shakka. Sannan katan ɗin sukari yanzu 27,600 ne, an ce mini ya hau da kashi 15, kuma ina so in san nawa yake kafin hawan. Na uku, idan ina so in riƙa yi wa masu ɗaukar kaya da yawa ragin kashi 10 a kan man girkin nan, kuma duk da haka ribar kashi 10 ta kawu ta tsira, nawa ya kamata in sa wa jarka?

Malamin Lissafi, Marwa

Shakkarka tana kan hanya, ba ɗaya ba ne. A ce katan 10,000 ne. Idan ka karɓi gyara, ka biya 100,000 ka tafi da katan 11, kowanne ya tsaya maka 9,091, wato ragin kashi 9.09, ɗaya bisa goma sha ɗayan nan da muka yi magana a kai. Idan ka karɓi ragin kashi 10, kowane katan 9,000 ne, kuma 11 ɗin za su tsaya maka 99,000. Ragin ya fi gyara da sefa 1,000 a kan kowane katan 11, kuma bai tilasta maka ɗaukar goma-goma ba. Idan wata rana ya ce zai yi maka ragin 10 sannan ya ƙara maka 5 saboda ka biya hannu da hannu, ka tambaye shi ko biyar ɗin ta asalin kuɗi ce ko ta abin da ya saura, domin 0.90 sau 0.95 yana ba da 0.855, ragin kashi 14.5 ke nan, ba 15 ba.

Sukari kuwa hanyar Baba za ka bi ta cire haraji. Tsohon farashi aka ninka da 1.15 aka sami 27,600, saboda haka ka raba 27,600 da 1.15, za ka sami 24,000. Ka tabbatar da hanyar Hajiya: kashi 15 na 24,000 shi ne 2,400 da 1,200, wato 3,600, idan ka ɗora ka dawo 27,600. Da ka cire kashi 15 daga 27,600, da 23,460 za ka samu, wanda ba a taɓa sayar da shi haka ba.

A tambaya ta uku, ina fatan farashin da za ka sa shi ne wanda mai sayen jarka ɗaya zai biya da gaske, ba wanda aka ƙaga don a nuna an yi ragi ba, kuma ka duba ko kasuwa za ta ɗauke shi. Lissafin dai daga ƙarshe ake faro shi. Kuɗin da kake so ya shiga aljihun shago bayan ragi 33,000 ne, kuma shi ne kashi 90 na farashin da za ka sa, saboda haka ka raba 33,000 da 0.90, ka sami 36,667. Idan ka cike shi zuwa 36,700, ragin zai zama 3,670, mai saye ya biya 33,030. Amma tunda ka ce kuɗin dako bai shiga 30,000 ba, ka fara ɗora shi tukuna. Idan 200 ne a kan jarka, uwar kuɗi ta zama 30,200, ka ninka da 1.10 ka sami 33,220, ka raba da 0.90 ka sami 36,911, sai ka sa 36,900 ko 37,000 gwargwadon yadda kawunka ya ga dama.